ƊAN WA NE YARON DA YA KANGARE?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya halicci ɗan Adam mai rauni, Ya sanya rayuwarsa ba ta miƙewa sai da taimakon ɗan'uwansa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa, babu wata unguwa a garin Madarunfa da ƙauyukan da ke kewaye da shi wadda ba ta da irin yaron da za mu yi magana a kansa. Shekarunsa ba su wuce 15 ko 16 ba. Ya bar lakwal, ya bar makarantar allo, kwanansa a tasha ko a rumfar kasuwa, idanunsa jajur saboda tramol ko sholisho. Idan takalmi ya ɓace a ƙofar masallaci, sunansa ne ke fara fitowa daga bakinmu tun kafin a bincika. Idan ya gitta ta gabanmu mukan tattare rigunanmu mu ce Allah Ya shirya, da wata irin murya wadda ta fi kusa da zagi a kan addu'a. Ubansa ko ya rasu, ko ya tafi ci-rani ya daɗe ba labari, ko yana nan amma talauci ya rufe masa baki. Uwarsa ko an sake ta ta yi wani aure, ko tana cikin gida tana kuka ba mai ji.

Tambayar da muke so mu aza a gaban jama'ar masallatanmu ita ce: wannan yaro ɗan wa ne? Shin nauyinsa ya tsaya a wuyan iyayensa su kaɗai, ko kuwa mu da muke zaune katanga ɗaya da shi akwai abin da za a tambaye mu game da shi gobe Ƙiyama?

YADDA MUKA ISO NAN

Kafin mu yanke wa yaron hukunci, ya kamata mu dubi duniyar da ya buɗe ido a cikinta. A da, yaro a ƙasar Hausa ba ya rasa mai riƙe da igiyarsa. A gandu yana ƙarƙashin kawu da baffa. A gayya yana ƙarƙashin sarkin samari. Bayan hawan mulkin Seyni Kunce a 1974 gwamnati ta raya samariya a faɗin Nijar, ta zama wurin da ake tara matasa don aikin gayya, ana gina ajujuwa, ana share gari. Ko da yake an cuɗa ta da siyasar lokacin, tana da wani amfani ɗaya da ba a musunsa: kowane saurayi akwai babban da ya san inda ya kwana. Bayan taron ƙasa na 1991 samariya ta yi sanyi, sai fada ta maye gurbinta. Fada ba laifi ba ce, domin wasu fadodin suna aikin alheri, amma yawancinsu sa'o'in juna ne zalla, ba babba a ciki, kuma makaho ba ya ja wa makaho gora.

Sa'an nan ƙasa ta yi kaɗan. Ƙidayar 2012 ta nuna jihar Maraɗi tana da mutane kimanin miliyan 3 da dubu 400, kuma kusan rabin al'ummar Nijar ba su kai shekara 15 ba. Gonar da ta ciyar da kaka ba ta isar jikoki idan aka raba gado. Matasa da yawa na yankinmu sun koma cin abinci daga kan iyaka, tsakanin Ɗan Isa da Jibiya: dako, kabu-kabu, sayar da man fetur a kwalabe. Sai Najeriya ta rufe iyakarta daga watan Agusta na 2019 har zuwa Disamba na 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yuli na 2023 na tsawon watanni, kuma a wannan shekarar ce aka janye tallafin man fetur a can. Duk lokacin da ƙofa ta rufe, ɗaruruwan samari kan wayi gari ba abin yi.

A daidai wannan lokaci ne ɓarayin shanu da masu satar mutane don neman fansa suka addabi ƙauyukan da ke gefen dajin Baban Rafi da bakin iyaka, a ƙasashen Gabi da Safo da Sarkin Yamma da Ɗan Isa. A nan ne maganarmu ta wuce ta tausayi kawai, ta zama ta tsaron rai. Domin kuwa ɓarawon daji shi ma yana neman yara, kuma ya san abin da yaro ke so: yana kiransa da sunansa, yana ba shi abinci da kuɗin kashewa, yana nuna masa cewa shi ma wani ne. Magabata sun ce ka ƙi naka duniya ta so shi. A zamaninmu abin ya fi haka muni: ka ƙi naka, daji ya so shi, ya dawo maka da shi da bindiga.

HAƘƘIN MAƘWABCI BAI TSAYA GA AKUSHIN TUWO BA

A cikin aya ta 36 ta Suratun Nisa'i, bayan umurni da kaɗaita Allah da kyautata wa iyaye, an jero waɗanda suke da haƙƙin kyautatawa a kanmu, daga cikinsu akwai maraya da miskini da maƙwabci na kusa da na nesa. Kuma ya tabbata a cikin Buhari da Muslim cewa Mala'ika Jibrilu ya yi ta nanata wa Manzon Allah (S.A.W.) wasiyya game da maƙwabci, har ya zaci za a sanya shi cikin magada.

Mu kuwa mun taƙaita wannan haƙƙi ga aika akushi da azumi, da halartar suna da jana'iza. Waɗannan duk alheri ne. Amma mene ne maƙwabcinmu ya mallaka wanda ya fi ɗansa tsada? Da wuta za ta kama rumbunsa cikin dare, ba wanda zai tsaya neman izini kafin ya fito da guga. To me ya sa muke zaune muna kallo alhali ɗansa ne ke ƙonewa a gabanmu shekara da shekaru?

Malaman fiƙihun Malikiyya sun bayyana cewa ɗaukar jaririn da aka yasar farilla ce ta kifaya, wato idan wasu suka yi ta faɗi a kan sauran, idan kowa ya ƙi duka gari sun yi laifi. Ba muna ba da fatawa ba ne cewa hukuncin saurayi ɗaya ne da na jariri, wannan aikin malamai ne. Abin da muke nufi shi ne mu lura da hikimar da ke ciki: Shari'a ba ta yarda rai ya halaka a tsakiyar jama'a ba, kowa yana cewa ba ni na haife shi ba. Abin da Bahaushe ya taƙaita ke nan da ya ce ɗa na kowa ne.

SAURAYIN DA YA YI WA KIRAN SALLA IZGILI

A shekara ta 8 bayan Hijira, a kan hanyar dawowa daga yaƙin Hunaini, wasu samarin Makka da Musulunci bai shiga zukatansu ba suka ji ladanin Manzon Allah (S.A.W.) yana kiran salla, sai suka shiga kwaikwayonsa da ƙarfi don izgili. Manzo ya ji, ya sa aka kawo su, ya tambayi wane ne mai muryar da ta fi tashi. Suka nuna wani da ake kira Abu Mahzura. Ya sallami sauran ya tsayar da shi. Abu Mahzura da kansa ya ba da labari cewa a wannan lokaci babu wanda ya fi ƙi a duniya kamar Manzon Allah.

Mu dubi abin da aka yi da shi. Manzo ya koya masa kalmomin kiran salla da bakinsa, ɗaya bayan ɗaya. Ya ba shi ƴar jaka mai azurfa. Ya aza hannunsa a kan goshinsa ya sa masa albarka. Da saurayin ya roƙi a ba shi ladancin Makka, ya ba shi. Ƙiyayya ta juye ta zama ƙauna, ya zauna yana kiran salla a masallacin Ka'aba har ya rasu a shekara ta 59 bayan Hijira, zuriyarsa ta gaji aikin bayansa. Ƙissar tana cikin littattafan Imamu Ahmad da Nasa'i da Ibnu Majah.

Abubuwa huɗu ne a nan, kuma su ne ginshiƙan gyaran matashi har yau. Na farko, an kira shi kusa, ba a kore shi ba. Na biyu, an hango baiwa a cikin ainihin abin da ya yi laifi da shi, wato muryarsa. Na uku, an dubi buƙatar aljihunsa, ba a tsaya ga wa'azi kawai ba. Na huɗu, kuma shi ne mafi girma, an ba shi amana. Da wannan saurayi a ƙofar ɗaya daga masallatanmu ya yi abin da ya yi, kowannenmu ya tambayi zuciyarsa abin da zai same shi kafin liman ya fito.

Kada a fahimci cewa tausayi yana soke hukunci. Buhari ya ruwaito cewa an kawo wani mutum da ya sha giya, aka zartar masa da hukunci, sai wani daga cikin jama'a ya yi masa mummunar addu'a. Manzo ya hana, ya nuna cewa yin haka taimakon Shaiɗan ne a kan ɗan'uwa. Ke nan an hukunta laifin, amma ba a yarda a yanke mutumin daga jama'a ba. Mu kuwa sau da yawa mukan juya abin: ba mu tsai da adalci ba, kuma ba mu bar tsinuwa ba.

ABIN DA BINCIKE YA TABBATAR

Masu bincike na wasu ƙasashe sun isa ga wannan gaskiya ta hanyar ƙirga. Wata masaniya a Amurka, Emmy Werner, ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a tsibirin Kawai na Hawayi a 1955, tun suna jarirai har suka kai shekara 40. Kimanin kashi ɗaya cikin uku sun tashi cikin talauci da rikicin gida da shaye-shayen iyaye. A cikin waɗannan, ɗaya bisa uku sun girma sun zama mutanen kirki ba tare da sun taɓa karkacewa ba, kuma daga manyan abubuwan da suka haɗa su akwai samun aƙalla babba ɗaya mai kula da su: kaka, ko inna, ko malami, ko maƙwabci. Abin da ya fi ƙarfafa zuciya shi ne, akasarin waɗanda suka kangare a samartaka su ma sun dawo hanya kafin su kai tsakiyar rayuwa.

Amma akwai gargaɗi. Wani binciken da aka buga a 2002 a kan matasa fiye da 1,000 da aka haɗa da manya masu yi musu jagora ya nuna cewa waɗanda zumuncin ya kai shekara ɗaya ko fiye su ne suka fi amfana, waɗanda kuwa aka saki kafin wata uku sun koma baya wajen ganin darajar kansu. Dalili a fili yake: yaron da aka taɓa yasarwa, idan ka ɗauke shi ka sake yasar da shi, ka tabbatar masa da abin da yake zato tun farko, cewa shi ba a bakin kome yake ba. Saboda haka wanda ya san ba zai jure ba, gara ya taimaka da dukiyarsa ya bar wa mai juriya riƙon.

DARASI DAGA GONAKINMU

Ba sai mun je nesa ba. Tsofaffinmu suna tuna yadda gonakin jihar Maraɗi suka zama fili fetal bayan farin shekarun 1970 da yunwar 1984. An kashe kuɗi masu yawa ana dasa itatuwan da aka reno a leda, yawancinsu suka mutu. A 1983 wani masanin noma ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a wannan jiha, ya lura cewa ƴan tsire-tsiren da manoma ke sarewa kowace shekara a matsayin dauɗar gona, toho ne na kututturen manyan itatuwa waɗanda saiwarsu ke raye a ƙarƙashin ƙasa. Manomanmu suka karɓi dabarar da ake kira sassaben zamani: a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a bari, a rage sauran, a tsare su daga awaki da gatari. Da wannan aka raya hekta kimanin miliyan 5 a Nijar, da itatuwa kimanin miliyan 200, gawo da kalgo da sabara da sauransu.

Yaron da ya kangare kututture ne irin wannan. A sama ba a ganin kome sai ƙaya, amma fiɗirar da Allah Ya halicce shi a kanta tana nan a ƙasa ba ta mutu ba. Aikin mai gyara shi ne ya nemo reshen da ke da rai, ya tsare shi, ya yi haƙuri. Manomi bai taɓa samun inuwa a shekarar da ya fara sassabe ba.

Haka kuma tarihin kasuwancin Maraɗi ya shaida. Da yawa daga alhazan da suka yi suna sun fara ne a matsayin barori a hannun wani ubangida, wanda ya gwada su da ƙaramar amana, ya ƙara musu babba, ya yi musu aure, daga baya ya ba su jari. Shi ya sa ake cewa arzikin mutane ya fi arzikin kuɗi.

UZURORIN DA MUKE KAWOWA

Wani zai ce: iyayen zamani ba sa son a tsawata wa ƴaƴansu, ina dalilin shisshigi? Amsa ita ce, mu ne muka mai da haƙƙin maƙwabtaka ya zama bulala kaɗai. Wanda bai taɓa tambayar yaro ko ya ci abinci ba, ba shi da bakin tsawata masa. Uwar da ta ga kana koya wa ɗanta ɗinki ba za ta hana ka yi masa faɗa ba.

Wani zai ce: zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, ina tsoron ya lalata mini ƴaƴa ko ya yi mini sata. Wannan tsoro gaskiya ne, kuma ba a ce kowa ya shigar da shi ɗakinsa ba. A fara da rumfar sana'a, a fili, da amanar da ko ta salwanta ba za ta karya mai ita ba. Sai dai mu tuna cewa ƴaƴanmu suna haɗuwa da shi a waje ko mun so ko mun ƙi. Gara su same shi a ƙarƙashin idonmu.

Wani zai ce: ina haƙƙin wanda aka yi wa sata? Haƙƙinsa yana nan, wajibi ne a biya shi. Mafi kyawun gyara shi ne yaron ya yi aiki da hannunsa ya biya akuyar da ya ɗauka, ya tsaya gaban mai ita ya nemi gafara. Idan laifin babba ne, tun 1999 Nijar ta tanadi alƙalai na musamman don shari'ar yara, can ya kamata a kai shi, ba a bar taron jama'a su yanke hukunci da sanda ba.

Wani kuma zai ce: a kai shi gidan mari a huta. Mu tuna abin da aka gani a watannin Satumba da Oktoba na 2019, lokacin da ƴan sanda suka buɗe wasu gidajen horo a Kaduna da Daura da Katsina, aka fito da ɗaruruwan mutane, manya da yara, da sarƙa a ƙafafu da tabon duka a baya. Iyayen da suka kai su gyara suke nema, amma sarƙa ƙafa take riƙewa, ba ta isa zuciya. Wanda ƙwaya ta kama jikinsa kuwa yana buƙatar likita tare da nasiha.

Daga ƙarshe wani zai ce: shiriya ta Allah ce. Haka ne, ko Annabi Nuhu (A.S.) bai iya shiryar da ɗansa ba. Amma bai bar kiransa ba har igiyar ruwa ta shiga tsakaninsu. Za a samu yaron da za a yi wa kome ya ƙi. Ba za a tambaye mu sakamako ba, za a tambaye mu ko mun kira.

ABIN DA MUKE ROƘON MASALLATANMU

Muna kira ga kowane liman da dattawan masallacinsa su zauna a asirce su ƙirga matasan unguwarsu da suka fita daga hannu. Za a tarar ba su kai yawan sahun farko na sallar Asuba ba. Kowane yaro a nema masa babba ɗaya amintacce, da yardar iyayensa ko waliyyinsa, wanda zai yi alkawarin shekara guda cur: tela, ko kafinta, ko bakanike, ko masunci a bakin tabki, ko manomin zogale a fadamar Jiratawa. A riƙa biyan yaron ladan aikinsa ko da kaɗan ne, domin mai riƙon da ke cin gumin maraya da sunan gyara ya fi yaron buƙatar gyara. A ware wani abu daga sadakar masallaci don sayen kayan aiki da biyan diyyar ƙananan ɓarna. Kada a ambaci sunan kowa a kan mumbari.

Ƴan mata ma suna da nasu kason, musamman masu yawon talla da waɗanda aure ya mutu musu tun suna ƙanana. Wannan aikin iyayenmu mata ne da malaman makarantun Islamiyya na mata, kuma suna da abin koyi ga Nana Asma'u ƴar Shehu Usmanu, wadda ta tsara Ƴan Taru a ƙarni na 19, tana aika jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata.

Wanda bai iya ko ɗaya daga waɗannan ba, akwai abin da ba ya gagarar kowa: ya yi wa yaron sallama, ya kira shi da sunan da ubansa ya raɗa masa, ya daina kiransa da laƙabin da titi ya ba shi. Idan ya shigo masallaci a buɗa masa wuri a sahu, a bar duban takalma.

An san garinmu a ƙasashe da tabkinsa da labarin kaburburan bayin Allah 99 da ke kewaye da shi. Waɗancan sun tafi da ayyukansu. Wanda ya rage a hannunmu shi ne yaron da ke kwance a tasha a daren yau, kuma ba mu san abin da Allah Ya ɓoye a cikinsa ba, kamar yadda mutanen Makka ba su san ladanin Ka'aba yana cikin masu izgili ba.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya tausasa zukatanmu ga ƴaƴan maƙwabtanmu, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka, Ya gafarta mana sakacin da muka yi. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.